Gyaran saba a Garwa: kar ka jibge jarinka a kayan gyara tukuna

Wani ƙanenmu daga Garwa ya turo min saƙo, yace shekara shida kenan yana gyaran laptop da kwamfutar tebur a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa, har ya tara sefa miliyan ɗaya da rabi. Watan jiya aka kira shi wani farmasi, babbar kwamfutar nan da ke riƙe musu lissafin magani da na kuɗi, wato saba, ta ƙi tashi, ya canja mata alim, wato akwatin da ke ba ta wuta, ta tashi, suka ba shi kuɗin da sai ya yi sati biyu a shago bai haɗa ba. Shine yake tambaya ko ya kwashi kuɗin nan ya tafi Duwala ko Kano ya saro diski da ram da alim na saba ya zuba a shago, ya koma wannan harkar gaba ɗaya.

Toh ƙanena, Allah ya ƙara buɗi. Harkar akwai abinci a ciki wallahi, amma ba ta ƙofar da kake son shiga ba. Kayan saba ba irin cajar laptop bane da kowa zai shigo ya saya. Ram ɗin Dell PowerEdge R720 DDR3 ne, na R730 kuma DDR4 ne, ba sa shiga ramin juna, haka HP ProLiant Gen8 da Gen9, kuma duk irin ECC ne, mai gyara kuskure da kansa, wanda kwamfutar tebur ta gida ba ta ɗauka balle kace in bai tafi can ba zai tafi nan. Diski ma kowane kamfani da irin ɗan akwatin da ake ɗaura shi a ciki kafin a zura, na Dell baya shiga HP, alim ma haka. Kaga in ka saro da ka, zaka iya wayar gari da kayan 800,000 suna shan ƙura a kanta, ranar da aka kira ka kuma abinda ake nema ba shi a ciki.

Abu na farko da zaka yi ba ya cin ko sisi sai man babur. Ɗauki littafi ka zagaya, farmasi, kilinik masu zaman kansu, ƙananan bankunan nan na mikrofinans, makarantun kuɗi, otal, manyan kantunan sari, ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Bankuna da manyan kamfanoni ka bar su tukuna, yawanci suna da masu kula musu daga Duwala ko Yawunde. Kace ka zo duba musu lafiyar saba kyauta, ka rubuta samfurinta, diski nawa ne a ciki, wane irin RAID aka yi, wato yadda aka haɗa diskin suke aiki tare, ondiler, wato na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, nawa ne ƙarfinsa, yaushe rabon a canja masa batir, ina ake ajiye kwafin bayanai, in ma ana ajiyewa. Wannan littafin shine jarinka na gaske, shi zai gaya maka me zaka saya.

Bari in baka labarin abinda na gani da idona lokacin da nake riƙe wa wani kantin sari lissafi. Sabar tana ƙarƙashin tebur a sito, gefenta buhunan shinkafa, an lulluɓe ta da zani wai saboda ƙura, alhali ta gaba take jan iska ta fitar ta baya, zanin ya toshe mata numfashi. A gaban ɗaya daga cikin diskinta uku akwai wata 'yar fitila ruwan lemo da ke ƙiftawa, yaran kantin suka ce ai ta fi wata huɗu a haka kuma komai na aiki lafiya. Gaskiyarsu, RAID 5 haka yake, diski ɗaya zai mutu aiki bai tsaya ba, amma fa daga wannan ranar kana tafiya ne ba tayar sauyi. Ranar da injin ya fara nauyi aka kira wani mai gyara, bawan Allah bai tsaya ya karanta komai ba ya zare diski, ashe mai lafiyan ya zare. Littafin bashin kwastomomi na shekaru yana ciki. Na ga dattijo mai kantin zaune a kan buhu ya dafe kai ya kasa magana, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mun yi makonni muna bin takardun faktir, wato rasitan ciniki, ɗaya bayan ɗaya muna sake shigarwa, wasu basussukan ba su dawo ba har yau.

Shi yasa nake cewa abinda zaka sayar wa mutanen nan ba gyara bane, kwanciyar hankali ce, ka ɗaure su da kontira na kulawa duk wata. Garinmu kansa yana yi maka talla. Saba an fi son ta zauna a ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 27, mu kuma a watan Maris da Afrilu Garwa da Marwa suna haura 40, ga ƙurar hunturu da ke cika fanka da haƙarƙarin sanyaya furosesa, ga ɗauke wuta da ke yawaita a ƙarshen rani lokacin da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, a kunna gurup, wato janareto, a kashe, wuta ta dawo da ƙarfi. Batirin ondiler an ƙiyasta rayuwarsa ne a digiri 25, kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu, shi yasa zaka ga batirin da aka ce zai yi shekara uku zuwa biyar ya kumbura tun kafin nan, mai wurin kuma ba zai sani ba sai ranar da aka ɗauke wuta saba ta mutu tare da fitilar ɗaki.

Ziyarar wata ba wani dogon aiki bane. Ka shiga iDRAC in Dell ce, ko iLO in HP ce, nan injin yake rubuta duk ciwon da ke damunsa, zafi ne, fanka ce ta rage gudu, ram ne yake ta gyara kuskure, batirin katin RAID ne ya gaji, ko alim ɗaya cikin biyun ta mutu ba wanda ya lura. Ka duba fitilun gaba, ka gwada ondiler a lokacin da ba a aiki ka ga minti nawa zai riƙe, bayan 'yan watanni ka kashe injin ka hure ƙurar kana riƙe da fankokin kar iska ta juya su. Sai babban cikinsu, kwafin ajiya. RAID ba kwafin ajiya bane, in aka goge abu ko bairos ya kulle fayiloli duk diskin tare suke tafiya. A samu kwafi a diski na waje, ɗaya ma ya riƙa kwana a wani gini daban, kuma ka riƙa buɗe shi kana gwadawa, don kwafin da ba a taɓa dawo da shi an gani ba bai cancanci a dogara da shi ba.

Maganar kuɗi, ga misali ka gyara shi daidai da ƙarfin mutanenka. In ka samu wurare shida kowanne yana biyan 30,000 a wata, 180,000 kenan kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, kuma kuɗi ne da ka san ranar zuwansu. Ka karɓa na wata uku uku a gaba. Kuɗin kaya daban yake, baya cikin kontira, ka rubuta debi, wato takardar ƙiyasin kuɗi, su sa hannu su bada kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan da na mota, kar ka taɓa sayo musu diski da kuɗinka kace sai an biya, ofisoshi suna da jan ƙafa wajen biya, wata uku zai wuce kana sintiri jarinka na hannun wasu. Kuma in daga Kano ko Legas zaka saro, ka sa wa debin wa'adin kwana bakwai saboda canjin naira baya zama wuri ɗaya.

Miliyan ɗaya da rabin nan ni da zan raba maka, kamar 400,000 ka nemi saba ta hannu irin wadda ta fi yawa a littafinka, ka ajiye a shago kana haɗa RAID kana rushewa, kana zare diski tana aiki ka ga yadda take sake gina kanta, ka ga allon da ke tambayar Import ko Clear, wato a ɗauko tsarin RAID da ke kan diski ko a share shi, ka san wanne ne ke jefa mutum a rami. Ba a fafe gora ranar tafiya, injin kwastoma ba wurin koyo bane. Wannan sabar kuma ita ce rumbun kayan gyaranka, har haya zaka iya bada ita in ta wani ta kwanta ana jiran kaya, tunda kaya daga Duwala sai sun hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere sannan su gangaro, kwanaki ne ba awanni ba. 150,000 kayan aiki, mita mai kyau, abin hura iska, zaren ɗaurawa a hannu na kare lantarkin jiki, man furosesa, manyan diski na waje guda biyu. 250,000 kayan da littafin ya nuna ana yawan buƙata, diski biyu ko uku, alim ɗaya, batiran ondiler. 100,000 takardu da zirga-zirga, don wurin da ke da akanta ba zai biya ka ba sai da faktir mai lambar haraji ta NIU da rajistar kasuwanci, ka je CFCE, ofishin rajistar kamfanoni, ka gama da wannan tun wuri. Sauran 600,000 ka bar su kuɗi a hannu, kar su zama ƙarfe.

Takardar kontiran ma kar ka yi mata wasa. A rubuta cewa bayanai na mai su ne, ba zaka taɓa diski ba sai an ɗauki kwafi, in kuma injin ya riga ya lalace kafin ka zo a rubuta halin da ka same shi mai wurin ya sa hannu, in ba haka ba mai gyara na ƙarshe shi ake ɗora wa laifin shekara biyar. A rubuta cikin awa nawa zaka iso in an kira, ka faɗi abinda zaka iya, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, farmasin da ke gadi cikin dare ba zai jira gari ya waye ba. Sannan amana, zaka ga cinikin mutane da sunayen marasa lafiya da sirrin bashi, Garwa ƙaramin gari ne, magana ɗaya ta fita daga bakinka a majalisa ta ishe ta rufe maka duk ƙofofin nan.

Shagon laptop kuma kar ka rufe shi fa, shi ke ciyar da gida yanzu, ka samu yaro mai hankali ka zaunar a ciki. Fara da farmasin da ka yi wa gyaran, sun riga sun ɗanɗana tsayuwar aiki na yini guda, su ne zasu fi saurin sa hannu. In ka cika wurare goma a littafin nan ka turo min hoton shafukan, mu zauna mu fitar da farashin kowanne.