Farfaɗiya da Yawan Mantuwa a Sallah

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ciwon farfaɗiya. Idan na faɗi na farfaɗo sai kaina ya ɗaure, ko a ranakun da nake lafiya nakan manta raka'a nawa na yi. Ga saurin fushi da kuka ba dalili. Uwar mijina ta ce raunin imani ne. Yaya matsayin sallata?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar uwa.

Sallar da lokacinta ya shiga har ya fita kina sume, babu ramuwa a kanki a mazhabar Malikiyya. Wadda kika farfaɗo da sauran lokacinta, ko da gwargwadon raka'a ɗaya ne, ita ce ta wajaba. Suma tana warware alwala, sai ki sake. Amma kada ki yi gaggawar kabbara kanki na juyawa, ki zauna har hankalinki ya dawo.

Kokwanton raka'a kuwa, idan kullum yana zuwar miki, kin shiga hukuncin wanda shakka ta aura, wato wanda shakka ta zame masa jiki, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Ki ƙyale shakkar, ki ɗauka kin cika, ki yi sujadar ba'adi. Ba a son ki yi ta maimaita sallah har ta zame miki azaba.

Maganar raunin imani ban yarda da ita ba. A Bukhari da Muslim, Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u bin Abi Rabah wata baƙar mace mai farfaɗiya, ya ce ga 'yar Aljanna, domin Annabi (SAW) ya yi mata alkawarin Aljanna idan ta yi haƙuri. Haƙurin bai hana ta kai kukanta cewa jikinta na buɗewa idan ta faɗi ba, kuma Annabi (SAW) ya yi mata addu'a a kan hakan.

Likitoci sun bayyana cewa ciwon daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, sau da yawa kusa da ɓangaren da ke riƙe tunawa, shi ya sa mantuwa da ƙuncin rai ke yawan biyo shi. Wasu magungunan ma suna ƙarawa: phenobarbital yakan kawo kasala da nauyin tunani, levetiracetam yakan sa saurin fushi ga wasu. Ki faɗa wa likitanki kukan nan da fushin kamar yadda kika faɗa mini, ana iya sauya magani. Kada dai ki daina sha da kanki, ko da wani mai ruƙiyya ya ce ki daina, domin yanke shi lokaci guda yana iya jawo faɗuwa mai haɗari. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki sanar da mijinki ku je asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.