Kada ka ba shi fam 400 ɗin nan: amsa ga ɗan Argungu a Manchesta

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙanenmu ce, ɗan Argungu, mai aikin kula da tsofaffi a Manchesta, ƙasar Ingila. Bashin fam 6,000 ya taru masa a katin bashi guda biyu: injin ban-ruwa na noman rani da ya saya wa yayansa, kayan ɗakin ƙanwarsa, sai "a turo na cefane" duk ƙarshen wata. Bizarsa saura wata takwas. Wani kuma a WhatsApp ya ce ya kawo fam 400 a goge masa bashin. Tambayarsa: ya biya?

Ƙanena, ko sisi kada ka ba shi. Babu mai goge bashin banki ta bayan fage. Na san wata baiwar Allah da irin waɗannan suka ce ta daina biya, wai suna magana da banki a madadinta. Wata shida tana jira, lambar mutumin ta daina shiga, banki kuma ya rubuta ta cikin waɗanda suka kasa biya. Wannan tabon shekara shida yake yi a takardar bashin mutum. Hayar gida ma sai da ta gagare ta. Wasu kuma za su tura ka wani shiri da ake kira IVA, yarjejeniyar biyan bashi kaɗan-kaɗan a hukumance, don su ci lada, ka ɗaure kanka shekara biyar ko shida. Taimakon da kake nema kyauta ne: ka kira StepChange ko National Debtline, ko ka shiga ofishin Citizens Advice, duk ƙungiyoyi ne masu ba da shawara kan bashi. Idan abin ya yi tsanani, suna iya nema maka Breathing Space, wato hutun kwana 60 ba ƙarin kuɗin ruwa ba matsi.

Maganar biza, kwantar da hankalinka. Bashin kati ba laifin ɗauri ba ne. Wanda ke cizo a takardun biza shi ne bashin asibitin gwamnati, wato NHS, idan ya kai fam 500.

Yanzu ɗauko takardar bankin mu yi lissafi. Ka ce ruwan 25 cikin ɗari ne a shekara. Kenan kusan fam 125 ke hawa duk wata. Mafi ƙarancin da kake biya, wajen fam 185, fam 60 kacal ne ke taɓa uwar kuɗin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cirar tsabar kuɗi da kake yi da katin don turawa gida: akwai caji a kai, ruwan kuma daga ranar yake fara hawa. Ka cire katunan daga wayarka yau. Ka riƙa biyan mafi ƙarancin da aka yanke a kan kowane kati, duk abin da ya yi saura ka zuba wa mai ruwa mafi tsada.

Sai batun gida, wanda shi ne ainihin ciwon. Yaya yana ganin injin na tofar da ruwa a fadama, bai san da kuɗin ruwa aka saye shi ba. Laifinka ne rabi, don ka bar su suna auna fam da naira, ba ka taɓa gaya musu nawa kake biyan ɗaki ba. Amma mutumin da ya girbe shinkafa sau biyu da injinka bai ce "ga buhu biyar a sayar a rage maka" ba, shi ma da nasa. Zumunci bai ce ka ci bashi da ruwa don a yi gara ba.

Kuɗin cefanen Inna kada ka taɓa, ka yanke mata abin da albashinka zai ɗauka, ya riƙa zuwa hannunta kai tsaye. Sauran kowa ya dakata. Ka kira Yaya ranar Juma'a bayan an sauko, ka faɗa masa adadin bashin da bakinka, ka tambaye shi buhu nawa zai ware maka a girbin bana. Ka rubuto mini abin da ya ce.