Mai gida na raina aikin lambu? Ga shawarata

Malam, ka ce kana gyaran lambu a gidajen Abuja, amma masu gida na kiranka "yaron fulawa", suna yi maka tayin wulaƙanci. Rainin yana nan kam, sai dai wani lokacin mu muke ba da ƙofa. Yi wa sana'arka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma kada ka taɓa fartanya sai an rubuta yarjejeniya da farashi.

Sannan ka riƙa nuna ka san aikin. In Alhaji ya ce a aske ciyawa ƙasa-ƙasa da bazara, gaya masa rana za ta ƙone ta, ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. In ya ce a dasa darbejiya jikin katanga, nuna masa yadda saiwarta ke fasa gini. Wanda ya ƙi ji, bar masa aikinsa.