Karon farko a gudun fanfalaki na Legas

Ɗan'uwa, ka ce ka yi rajistar gudun fanfalaki na Legas, ba ka taɓa shiga tsere ba, kuma cunkoson jama'ar yana ba ka tsoro. To, in bai wuce 'yan watanni da fara gudunka ba, ka zaɓi na kilomita 10. Na kilomita 42 ba wasan yara ba ne. Tun 2016 ake yin gasar, galibi a watan Fabrairu, kuma zafin Legas mai gumi ne, ba irin busasshiyar iskar hunturun Kano ba.

Babban tarkon yana wurin tashi. Da an ba da alama kowa zai zabura, jikinka ya ɗauki zafi, ka bi yarima a sha kiɗa. Kafin kilomita uku numfashi ya ƙare. Ka tsaya can baya-baya, ka bar gaba ga 'yan Kenya da Habasha da ke neman kuɗin gasar. Ka yi gudun da za ka iya magana a cikinsa. Kada ka riƙa kutsawa hagu da dama don wuce mutane, ƙarfinka kawai kake zubarwa.

A wurin rabon ruwa kowa kan afka wa teburin farko. Ka wuce zuwa na gaba, kana lura da robobin da aka watsar a ƙasa, suna da santsi. In za ka koma tafiya, ɗaga hannu ka matsa gefe tukuna.

Sabon takalmi kuwa, bar shi a gida. Wanda ƙafarka ta saba da shi za ka sa, ka ɗaure igiyarsa sau biyu.