Amsoshin Tambayoyinku: Auna Ruwan Kandami da Na Bokiti

Tambaya: Wani mai kiwon tarwaɗa daga Kura ya ce bakin kandaminsa mita 12 ne a tsawo, 8 a faɗi, zurfin ruwa mita 1.5. Ya ninka su ya samu lita 144,000, ya zuba magani daidai da haka, sai kifi suka riƙa tasowa sama suna haki. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Lissafinka na kandami mai miƙaƙƙen bango ne, irin na siminti. Naka kuwa na ƙasa ne, gefensa a kwance yake, bakin ya fi gindin faɗi. Ka tuna dalar gyaɗar Kano? To, a sare mata kai a kifa ta, siffar raminka ke nan.

Awo uku za ka yi: fuskar ruwa, gindi, da tsakiya. Mu ɗauka ruwan ya kai bakin ramin, gindin kuma mita 9 ne da 5. Fuskar ruwa, 12 sau 8, ta ba da 96. Gindi, 9 sau 5, ya ba da 45. Tsakiya kuwa tana tsakanin biyun, wato 10.5 sau 6.5, ta ba da 68.25, sai ka ninka ta sau huɗu ta zama 273. Haɗa ukun, 414. Ninka da zurfi, ka raba gida 6. Za ka samu 103.5, kowane ɗaya kuma lita dubu ne. In haka gindin yake, ruwanka lita 103,500 ne, ka ga ke nan ka zuba maganin lita 40,500 da babu su a ramin.

Wannan abu yana ci mini rai, domin na sha ganin an ɗora laifin a kan mai sayar da 'ya'yan kifi ko abinci, alhali igiyar awo kaɗai ta isa ta hana asarar. Lissafin ma daɗaɗɗe ne, mutanen Masar sun rubuta irinsa kusan shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yanzu dai ka rage ruwan ka ƙara sabo. Nan gaba kuma ka auna inda ruwa ya tsaya a ranar, ba bakin ramin ba, don da zafin bazara ruwa na ja baya.

Tambaya: Wata mai lambun tumatir ta ce in tana haɗa maganin feshi takan cika bokiti zuwa tsakiyar tsayinsa a matsayin rabi. Daidai ne?

Amsa: A'a, Hajiya. Bokiti mazurari ne da aka yanke wa tsini, samansa ya fi ƙasansa cin ruwa. Wanda bakinsa ke da faɗin santimita 30, gindi 22, tsayi 28, yana ɗaukar kusan lita 15. Amma zuwa tsakiyar tsayinsa lita 6 da ɗan ɗori ne kawai, ba 7 da rabi ba, don haka haɗinki yakan yi ƙarfi har ya iya ƙona ganye. Ki samu gorar lita ɗaya ki riƙa zubawa, duk inda ruwan ya tsaya ki ɗiga fenti. Bokitin nan kuma kada ya sake komawa ɗakin girki.