Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Ɗan Kasuwa da Hayaƙin da ke Ɗumama Duniya?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga zafi da ambaliya da abin da ke jawo su. Na ware guda uku da suka haɗu a kan magana ɗaya, wato aikin da ya rataya a wuyan kamfanoni da masana'antu. Na gajarta su saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni akanta ne a wata masana'anta. Kwanan nan manyanmu suka ce daga bana za mu riƙa lissafin hayaƙin kabon da muke fitarwa kamar yadda muke lissafin kuɗi. A ganina sauyin yanayi aikin gwamnatoci ne, su suka je Faris suka sa hannu. Mu riba muka fito nema. Ina ruwanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiyarka, gwamnatoci ne suka sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, suka yi alkawarin riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ta wuce digiri 1.5 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. To amma daga ina hayaƙin yake fita? Daga tashar lantarki mai ƙona kwal, daga murhun narka ƙarfe, daga injin jirgin ruwa, daga gidan siminti. Makullan waɗannan wurare kuwa a hannun kamfanoni suke, wasu na 'yan kasuwa, wasu mallakar gwamnati. Wanda zai yanke shawarar irin injin da za a saya ya yi aikin shekara talatin yana zaune ne a ofis irin naku, kuma sau da yawa sai ya ga lissafin akanta kafin ya ce a saya.

Kafin zamanin masana'antu iskar kabon da ke sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan. Yau ta haura 420, kuma 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A 2017 ƙungiyar CDP, mai tattara bayanan hayaƙin da kamfanoni ke fitarwa, ta fitar da rahoto da ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na hayaƙin masana'antu tun daga 1988 yana komawa ne ga kamfanoni 100 kacal masu haƙo mai da gas da kwal. A yi musu adalci: mafi yawan wannan hayaƙi ya tashi ne lokacin da masu saye suka ƙona abin da aka sayar musu. Ka ga ke nan masana'antarku ma tana cikin lissafin.

Aikin da aka ɗora muku hawa uku ne. Na farko shi ne abin da kuka ƙona da hannunku, man janareto, gas ɗin tukunyar tururi, man motocin kamfani. Na biyu hayaƙin da aka fitar a wani wuri don a samar da wutar da kuka saya. Na uku shi ne mai wahala: hayaƙin da ya tashi wajen yin kayan da kuka sayo, da jigilarsu, da abin da ke faruwa bayan kayanku sun shiga hannun mai saye. A kamfanoni da yawa wannan na ukun ya fi sauran biyun a haɗe, shi ya sa wasu ke kauda kai daga gare shi.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina duba yadda masana'antu ke cin wuta. A wata masana'anta na roƙi a bar ni in shiga ranar da ba a aiki. Injuna duk a kashe, ma'aikata babu kowa, amma ko'ina ka tsaya sai ka ji wani siririn sauti kamar huci. Iskar kwampireso ce, wato injin da ke matse iska don aikin injuna, ke yoyo daga mahaɗar bututu, sautin da ƙarar injuna ke rufewa a ranakun aiki. Na haɗa ruwan sabulu a gora, ina bi ina shafawa da burushi, duk inda ya yi kumfa in ɗaura jan ƙyalle. Kafin yamma ƙyallayen da na zo da su sun ƙare ban gama zagaye ba. Kwampireson kuwa bini-bini ya tashi da kansa, yana cike iskar da babu mai amfani da ita, dare da rana, shekara da shekaru. An gyara da sifana da 'yan robobin toshe mahaɗa. Wanda ya fara lura da bambancin shi ne akantan wurin, a takardar kuɗin wuta. Ribar da ka fito nema da hayaƙin da ake so a rage, a irin wannan wuri hanyarsu ɗaya.

Ba zan ce maka ko'ina haka abin yake da sauƙi ba. Ɗauki siminti, wanda shi kaɗai ke da alhakin wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon ɗin duniya. Na taɓa tsayawa kusa da murhunsa, ƙaton bututun ƙarfe mai juyawa a hankali, zafin cikinsa yana kaiwa digiri 1,450, kana nesa da shi fuskarka tana raɗaɗi. Abin da mutane ba su sani ba, fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen farar ƙasar yake fita idan ya gasu, ko da me ka hura wutar. Don haka dole a rage yawan gasasshen dutsen a cikin buhu, a cike da gasasshen yumɓu ko tokar masana'antu, ko a kama hayaƙin a bakin bututu a adana shi ƙarƙashin ƙasa, wanda har yanzu yana da tsada. Ƙarfe ma kusan haka nauyinsa yake. A Suwidin kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall sun haɗa kai suka yi amfani da iskar haidirojin a madadin kwal wajen tace tama, a 2021 suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka yi ta wannan hanya. Kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da duniya ke narkawa, amma ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Sannan ko ba ku so, kasuwa ta fara tambaya. Tun 2005 Tarayyar Turai take sa manyan masana'antunta mallakar izini a kan kowane tan na kabon da suka fitar. Daga Oktoban 2023 ta fara neman masu shigo da siminti, ƙarfe, alminiyam, taki, lantarki da haidirojin su bayyana hayaƙin da ya tashi wajen yin su, da nufin ɗora musu haraji a kan iyaka. Kamfanin da ba shi da lissafi zai tsaya a ƙofa. Ka riƙe aikin nan da kyau, ɗan'uwa.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce. Kusan kowane kamfani yanzu yana tallan cewa yana kare muhalli, yana dasa bishiyoyi, zai daina fitar da hayaƙi nan da 2050. Yaya zan bambance mai gaskiya da mai yaudara?

Amsa: 'Yata, tambayarki ta taɓa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Alkawarin 2050 yana da sauƙin faɗa, domin shugaban da ya faɗa ba zai kai lokacin a kan kujerarsa ba. Ki nemi abin da ya ce zai yi kafin 2030, da adadin tan ɗin da ya fitar bara da bana. Ki kula da wata dabara: sai kamfani ya ce hayaƙin da ke tashi kan kowane kaya ɗaya ya ragu, alhali ya ninka yawan kayan, jimillar ta ƙaru. Sararin sama jimilla yake tarawa.

Sai ki bi kuɗin. Kamfanin DONG na Danmak ya ginu ne a kan mai da gas da tashoshin kwal. Ya sayar da ɓangarensa na mai da gas, ya koma kafa injinan lantarki na iska a cikin teku, a 2017 har sunansa ya sauya zuwa Ørsted. Wannan ya sauya ainihin sana'arsa. Kamfanin mai na BP kuwa a 2020 ya ce zai rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin ɗari kafin 2030. A 2023 ya mayar da shi kashi 25, a 2025 ya janye alkawarin. Babu dokar da ta ɗaure shi, masu hannun jari suka matsa, ya juya. Kuma kada ki ɗauka jahilci ne. Masanan kamfanin mai na Exxon tun ƙarshen shekarun 1970 suke hasashen ɗumamar da ƙona mai zai jawo, binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna hasashen nasu ya zo kusa da abin da ya faru.

Dasa bishiya alheri ne, ina goyon bayansa da zuciya ɗaya. Inda nake ja shi ne a mayar da shi lasisin ci gaba da ƙona mai. Hayaƙin yau yake tashi, bishiya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta shanye kwatankwacinsa, in gobara ko fari ko gatari ya same ta kabon ya koma sama. Kamfani mai gaskiya kansa yake fara ragewa, sai ɗan abin da ya gagara ne yake nema wa diyya. Idan ya ƙi bari wani daga waje ya binciki lissafinsa, ki ajiye tallarsa gefe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, in dai rage hayaƙi yana kawo riba, me ya sa ba za a ƙyale kamfanoni su yi da kansu ba, sai an yi ta kafa dokoki?

Amsa: Malam, inda akwai riba suna yi da gudu. Kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, yanzu masu jari ba sai an roƙe su ba. Amma ka tuna abin da ya karya farashin: tallafin da Jamus ta zuba wa masu sa sola a farkon shekarun 2000, da manyan masana'antun da Sin ta gina daga baya. Gwamnati ta share fage, 'yan kasuwa suka shiga.

Inda gyaran ke da tsada kuwa, kamar siminti da ƙarfe, wanda ya fara shi kaɗai abokan gasarsa za su karya shi da araha. Doka ce ke sa kowa ya ɗauki nauyi daidai. An gwada an gani a 1987 da yarjejeniyar Montiriyal kan sinadaran firij da na gwangwanin feshi masu huda rigar ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Masana'antu sun yi ta kukan tsada, da wa'adi ya tabbata suka fito da madadi, yanzu ramin yana rufewa a hankali. Suwidin ta ɗora harajin kabon tun 1991, hayaƙinta ya ragu, tattalin arzikinta ya ci gaba da girma. Abin da na fi ji daga bakin masu masana'antu da na yi aiki da su shi ne a ba su doka tsayayya wadda ba za a sauya ba duk bayan zaɓe, domin murhun da za su gina bana zai kai jikokinsu yana ci.