Ƙananan sifiku ko dogaye?

Malam, ka ce ɗakinka ƙafa 12 ne a 12, kana tambaya ko ƙananan sifiku na jin waƙa za ka saya ko dogayen da ke tsayawa a ƙasa. Gaskiya ƙananan sun ishe ka. Dogaye fili suke so. A matsattsen ɗaki mai tayil, rugugin ƙasan nan nasu, wato kaurin sautin da ake kira bes, danne muryar mawaƙi yake yi. Na gwada a ɗakina a Gwammaja, har gilashin taga ke kaɗawa.

Amma kada ka cusa ƙananan cikin kabad. Ɗora su a kan abu mai ƙarfi, daidai kunnenka in kana zaune, ka ɗan janye su daga bango, ka shimfiɗa kafet. In za ka Sabon Gari, tafi da waƙar da ka sani sosai, a kunna maka kafin ka biya.